Ƙanshin Citta Da Ƙanshin Wiwi: Kowanne Gado Ne A Cikin Iri

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kafanchan ta nufi Kwoi a cikin watan Disamba ko Janairu, sa'ad da hunturu ya kankama, hancinsa zai riga idonsa sanin cewa ya shigo ƙasar citta. A Fadan Kagoma, mazaunin Kpop Gwong, sarkin mutanen Gwong na Ƙaramar Hukumar Jema'a, da ƙauyukan da ke kewaye da ita, a lokacin nan ne mata da 'yan mata kan zauna a gindin itace da 'yan wuƙaƙensu suna tsaga citta, a baza ta a kan duwatsu da tsakar gida domin rana da iska su busar da ita. Ƙanshin yakan cika gari, ya kama tufafi, har baƙo ya koma gida da shi a jikin rigarsa.

Wannan ƙanshi shi ne ainihin hajar da manomin Kudancin Kaduna yake sayarwa. Ɗan kasuwar da ya zo daga Kano ko Ikko, kafin ya yi tayi sai ya zura hannu cikin buhu, ya ɗauko tsagi ɗaya, ya karya, ya kai hanci, sa'an nan ya ɗan tauna. In ƙanshi da yaji sun cika, to, ciniki ya faɗa. In kuwa sun yi rauni, sai ya karkaɗe hannu ya nufi buhu na gaba. Da kuɗin nan ake biya wa yara makaranta, a yi rufin kwano, a yi aure, a tanadi takin baɗi. A shekarar 2023 hunturu ya zo ya wuce duwatsu da yawa suna nan fayau babu abin shanya, domin wata cuta ta ruɓar da citta tun tana cikin ƙasa.

Dalilin ɗauko wannan magana a makon nan shi ne, akwai wani tsiro dabam wanda shi ma ƙanshinsa ya zama haja, har waɗansu mutane a ƙasashen waje suka shafe kimanin shekara hamsin suna gyaran irinsa. Tsiron nan kuwa shi ne tabar wiwi, wadda dokar Nijeriya ta haramta nomanta da cinikinta da shanta. Hajar tasu ta jawo wa gidaje da yawa baƙin ciki a ƙasar nan, amma yadda suka bi da iri har suka sami abin da suke nema, akwai abin lura a cikinsa ga duk mai kishin cittar Kudancin Kaduna.

Asalin Ƙanshi

Ƙanshi abu ne mai jiki, ko da yake ido ba ya ganinsa. Tsiro yakan ƙera waɗansu sinadarai marasa nauyi, masu saurin tashi cikin iska, in sun shiga hancin mutum sai ya ce ya ji ƙanshi ko ya ji wari. Amfaninsu ga tsiron shi ne korar ƙwari da dabbobin da za su cinye shi, ko kuwa kiran ƙudan zuma zuwa ga furensa. Babbar zuriya a cikin sinadaran nan ita ce wadda masana kimiyya ke kira tarfin, kuma 'ya'yanta dubbai ne. Ruwan nan da ke feso wa mutum ido in ya matsa ɓawon lemo, yawancinsa wani tarfin ne mai suna limonin. Akwai mirsin a cikin mangwaro, akwai kuma kariyofilin a cikin masoro da kanumfari. Abin mamaki, dukan ukun nan ana samunsu a cikin tabar wiwi, watau dai tsirrai suna tarayya a kayan haɗi, bambancin yana wajen yawan abin da kowanne ya zuba, kamar yadda mata biyu za su sayi kayan miya iri ɗaya a kasuwa ɗaya amma miyarsu ta sha bamban.

Umarnin ƙera kowane ɗaya daga cikin sinadaran nan yana rubuce a cikin ƙwayoyin gadon tsiro, waɗanda yake karɓa daga iyayensa ya miƙa wa 'ya'yansa. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to, haka abin yake ga shuka. Gaskiya ne cewa irin ƙasar gona, da yawan ruwa, da lokacin girbi, da yadda aka yi shanya, duk suna iya ƙara ƙanshi ko su rage shi. Amma iyakar da ƙanshin zai iya kaiwa, iri ne ya yanka ta tun kafin a kai shi gona, kuma babu takin da zai sa mangwaro mai zare ya yi ƙanshin wanda aka yi wa aure.

Yadda Aka Yi Da Wiwi

Tabar wiwi tana da mace da namiji, kamar dabino da gwanda. A jikin furen macen akwai waɗansu ƙananan gasu masu danƙo, kuma a cikinsu ne tsiron ke tara sinadaran ƙanshi tare da sinadarin da ke bugarwa, wanda ake kira THC. Masana biyu, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, su ne suka ware shi suka bayyana ƙirarsa a Isra'ila a shekarar 1964. Shi kansa THC ba shi da ƙanshi. Warin da maƙwabta ke ji daga bayan kango, na sauran sinadaran ne da ke tare da shi.

Da yake tsiron yana yin 'ya'ya ta hanyar haɗuwar mace da namiji, kowace ƙwayar iri takan fito da nata hali, wata ta ɗauko uwa, wata ta ɗauko uba, wata ta haɗa. A nan ne masu gyaran iri suka sami ƙofa. A cikin shekarun 1970, waɗansu masu noma a ɓoye a Kalifoniya ta ƙasar Amurka suka riƙa haɗa irin Afganistan da na Kolombiya da na Meziko, suna zaɓen 'ya'yan da suka fi yi musu, suna sake haɗawa, har suka fitar da wani iri da suka sa wa suna Skunk, sunan wata dabbar ƙasarsu mai wari irin na bodari. A cikin shekarun 1980 aikin ya ƙaura zuwa ƙasar Holan, inda aka buɗe kamfanonin sayar da iri. Da jihohin Kolorado da Washinton na Amurka suka halatta shanta a 2012, ƙasar Yurugwai ta bi a 2013, Kanada kuma a 2018, sai abin ya zama ciniki a fili, gasar kuma ta koma kan ƙanshi. Ban da mai warin bodari, aka shiga neman mai ƙanshin lemo, da na inabi, da na alewa, ana laƙa musu sunayen kayan zaƙi irin su Gelato da Cookies.

Kuɗi ya jawo masana. A 2011 masu bincike a Kanada suka buga taswirar farko ta ƙwayoyin gadon tsiron. A 2017 waɗansu masana na Jami'ar Biritish Kolombiya, a Kanadan dai, suka gano kimanin ƙwayoyin gado 30 masu kula da ƙera tarfin a cikinsa. Aka daɗe ana zaton tarfin ne kaɗai ke raba ƙanshin wannan iri da na wancan, sai a 2021 masu binciken wani kamfani a Kalifoniya suka nuna cewa warin bodarin nan daga wani sinadari ne mai farar wuta a cikinsa, ɗan'uwan waɗanda ke sa tafarnuwa wari. A 2023 kuma suka ƙara nuna cewa ƙanshin zaƙi da na 'ya'yan itatuwa yana fitowa ne daga waɗansu sinadarai 'yan kaɗan ƙwarai, cikinsu har da dangin esta, waɗanda su ne ke ba ayaba da abarba ƙanshinsu, da waɗansu masu farar wuta irin na 'ya'yan itatuwan ƙasashe masu zafi. Iri biyu za su iya zama kusan ɗaya a wajen tarfin, amma hanci ya ji sun bambanta ƙwarai saboda ɗigon abin da bai taka kara ya karya ba a kan sikeli.

Wannan bincike ya tabbatar da cewa abin da ke sa mai saye ya fifita haja a kan haja yana iya zama ɗan ƙanƙanen abu, wanda za a iya rasa shi a wajen sauya iri ba tare da kowa ya farga ba. Su ma masu wiwin sun sha nasu kashin. Wani bincike da aka yi a Kanada a 2015 ya nuna cewa sunayen da ake sayar da iri da su sau da yawa ba sa dacewa da ainihin gadon da ke cikinsa, watau suna dabam, kaya dabam. Har ila yau, da yake in sun sami uwa mai ƙanshin da suke so sukan riƙa yankar rassanta suna dasawa domin kada halin ya canza, sai gonaki masu yawa suka zama jikin tsiro ɗaya. A 2019 aka tabbatar da wata cuta a gonakin Kalifoniya, wadda ke bin rassan dashe da wuƙar yanka, tana tsumburar da tsiro ta rage masa ƙanshi. Ya kamata manomin citta ya riƙe wannan labari, domin zai sake gamuwa da shi a gonarsa.

Zuma Da Zaƙi Da Harbi

Kada mai karatu ya ɗauka ƙanshin alewa ya mai da wiwi abin wasa. Masu gyaran irin ba su tsaya ga ƙanshi ba, sun riƙa ƙara mata ƙarfi tare. Awon da Jami'ar Misisipi ta yi wa wiwin da hukumomin Amurka suka kama ya nuna cewa THC ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kimanin kashi 12 cikin ɗari a 2014. Wani babban bincike da likitocin ƙwaƙwalwa na Landan suka jagoranta a wurare 11 na Turai da Barazil, wanda aka buga a 2019, ya nuna cewa mai shan wiwi kullum ya fi wanda bai taɓa sha ba haɗarin taɓuwar hankali kamar sau uku, in kuwa mai ƙarfin ce yake sha kullum, haɗarin ya kusa sau biyar.

Nijeriya ta daɗe tana fama da wannan tsiro. A 1966 gwamnatin soja ta Janar Aguiyi-Ironsi ta kafa dokar da ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noman wiwi, aka sassauta ta a 1975. A ƙarshen 1989 aka kafa Hukumar Hana Sha Da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, watau NDLEA. Duk da haka, ƙidayar da Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ta nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. Ban da wadda ake nomawa a dazuzzukan Ondo da Edo da Delta, hukumar ta sha kama wata da ake shigowa da ita daga Kanada da Amurka ta tashoshin jiragen ruwa da na sama, wadda samari ke kira Loud saboda ƙarfin ƙanshinta. Ita ce 'yar gidan gyaran irin da aka bayyana a sama. Uwar da ta saba gane ɗanta ya fara shaye-shaye ta wurin warin rigarsa, yanzu tana iya jin ƙanshin lemo ko na alewa ta ɗauka turare ne. Lalle ne iyaye da malaman makaranta su san da wannan.

Ƙanshin Da Ke Gida

To, in an dawo Kudancin Kaduna, sai a tarar da ƙanshi na halal, wanda duniya ke biyan kuɗi domin ta samu. An fara noman citta domin sayarwa ƙasashen waje a Kudancin Zariya, kamar yadda ake kiran yankin a zamanin Turawa, wajen shekarar 1927, daidai lokacin da Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa. Daga nan noman ya kafu a ƙasashen Jaba da Kachia da Kagarko da Jema'a, kasuwanni irin su Kwoi da Kachia da Kubacha suka yi suna. Kafin annobar 2023, Nijeriya tana cikin ƙasashe uku da ke kan gaba a noman citta a duniya tare da Indiya da Sin, kuma mafi yawan abin da take nomawa daga wannan yanki yake fitowa.

Ita ma citta tana da nata sinadaran. Zafin ɗanyar citta daga jinjarol yake. In an shanya ta ta bushe, wani kashi na jinjarol yakan rikiɗa ya zama shogawol, wanda ya fi shi zafi, shi ya sa garin busasshiyar citta ya fi ɗanya kama maƙogwaro a cikin yajin mai jego. In an dafa ta kuma sai a sami zinjaron, mai ɗan zaƙi-zaƙi, wanda ake ji a kunu da shayi. Ƙanshin kuwa yana cikin manta, babban abin da ke cikin man shi ne wani tarfin mai suna zinjibarin, sunan da ya fito daga tushe ɗaya da zanjabil na Larabci. Akwai kuma sitral, mai ƙanshin lemun tsami. Yawan kowanne shi ke raba cittar wata ƙasa da ta wata. Ta Ostireliya ta yi suna wajen ƙanshin lemun tsami, ta Jamaika wajen laushin ƙanshi, ta Nijeriya kuwa wajen zafi da yawan mai, abin da ya sa kamfanonin da ke tatsar mai domin lemon kwalba da magunguna da kayan toye-toye suke nemanta.

Dukan wannan suna da daraja a kan iri biyu suke tsaye. Akwai Tafin Giwa, mai kauri, mai launin rawaya, wadda ta fi cika buhu. Akwai Yatsun Biri, siririya mai duhun ciki, wadda ta fi zafi. Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Ƙasa da ke Umudike a Jihar Abiya, wadda ke da reshe a Maro cikin Jihar Kaduna, tana kiransu UG1 da UG2. Matsalar ita ce, citta ko ta yi fure ba ta yin 'ya'ya. Manomi yakan ajiye wani kashi na saiwar bana a inuwa, in damina ta faɗi wajen Afrilu ko Mayu ya kakkarya ya binne, ya rufe da ciyawa da ganye. Saboda haka cittar da ke gonar Kagoma a yau, jikin wadda kakanni suka shuka ce ake ta maimaitawa. Wannan ya adana ƙanshin kamar yadda yake, abin a yaba ne. Amma kuma ya sa gonakin yankin duka sun zama kamar tagwaye, cutar da ta iya kayar da ɗaya za ta iya kayar da dubu, kuma in ta shiga saiwa sai ta bi iri daga gona zuwa gona, daga kasuwa zuwa kasuwa, kamar yadda ta bi rassan dashe a Kalifoniya.

Abin da ya faru ke nan a daminar 2023. Ganye ya fara yin rawaya, ya ƙone, da aka tona sai aka tarar saiwa ta ruɓe. Hukumomi suka ce cutar fumfuna ce. Aka ba da rahoton ta lalata fiye da kadada 2,500 a ƙananan hukumomi bakwai na Kudancin Kaduna, ta kuma taɓa Filato da Nasarawa da yankin Abuja. Gwamnatin Tarayya ta ƙiyasta asarar a kan Naira biliyan 12, a 2024 kuma ta sanar da tallafin Naira biliyan 1.6 ta hannun Asusun Bunƙasa Aikin Gona na Ƙasa. Farashin citta ya ninka sau da yawa, har mai shayi da mai zoɓo a Sakkwato da Maiduguri suka ji a jikinsu. Mafi muni shi ne, manomin da ya rasa amfanin bana ya rasa irin baɗi tare, domin abu ɗaya ne, waɗansu kuwa bashi suka ci suka zuba a gonar.

Dattawan Arewa ba baƙin irin wannan masifa ba ne. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta cinye kimanin kadada 700,000 na gyaɗa, bayan farin 1973 ya riga ya raunana manoma, kuma dalar gyaɗar Kano ba ta sake tsayawa kamar da ba. Abin da ya taimaki gyaɗa daga baya shi ne aikin masu gyaran iri na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da abokan aikinsu, waɗanda suka fitar da jerin iri masu suna SAMNUT, cikinsu har da masu jure wa cutar. Sai dai gyaɗa tana yin 'ya'ya, ana iya haɗa wannan da waccan. Citta ba ta ba da wannan dama ba, don haka aikinta ya fi wuya, ya fi kuma bukatar haƙuri da kuɗi.

Haɗarin Gaggawa

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Manomin da ya rasa iri zai sayi duk abin da ya samu a kasuwa, ko daga ina ya fito, kuma za a sami masu ba da shawarar a shigo da irin waje mai ƙiba, mai cika buhu da wuri. A nan ne ake bukatar natsuwa. Irin da aka shigo da shi ba tare da bincike ba yana iya zuwa da wata sabuwar cuta. In ma lafiyayye ne, yana iya zama mai yawan ruwa, mai ƙarancin mai, wanda in ya mamaye gonaki zai shafe abin da ya sa ake neman cittar Nijeriya tun farko. Haka ta faru ga tumatir. Wani bincike da masanan Jami'ar Fulorida da takwarorinsu na Sin suka buga a 2017 ya nuna cewa a garin neman tumatir mai girma, mai jure wa doguwar tafiya, masu gyaran iri sun zubar da ƙwayoyin gado masu ba shi ɗanɗano ba da saninsu ba, domin babu wanda ke auna ɗanɗano a lokacin zaɓe. Cittar da ba ta da zafi da ƙanshi, Indiya da Sin sun fi Nijeriya iya nomanta da araha.

Ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci sun nuna cewa ana iya gyaran citta duk da rashin 'ya'yanta. Cibiyar Binciken Kayan Yaji ta Indiya da ke Kalikut tana riƙe da ɗaruruwan nau'o'in citta a gonarta, daga cikinsu ta zaɓo ta fitar da iri irin su Varada da Mahima da Rejatha. A Ostireliya an ninka ƙwayoyin gadon cittar ƙasar aka sami iri mai manyan yatsu wanda aka sa wa suna Buderim Gold. A 2021 masana a ƙasar Sin suka buga taswirar ƙwayoyin gadon citta, wadda ke nuna hanyar da tsiron ke bi wajen ƙera jinjarol. Akwai kuma dabarar rainon tsiro a cikin kwalba, inda ake ɗaukar ɗan ƙanƙanen tsiro daga lafiyayyar uwa a raine shi a ɗakin bincike, a sami dubban 'ya'ya waɗanda cuta ba ta taɓa ba.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Aikin farko yana hannun manoma da malaman gona. A kusan kowace annoba akan sami gona ko kunya da ta tsira alhali na kewaye da ita sun mutu. Wataƙila sa'a ce, wataƙila kuma akwai wani ɗan bambanci a gadonta, domin ko tsiron da ake maimaitawa yakan ɗan sauya cikin shekaru masu yawa. Irin waɗannan bai kamata a haɗa su da sauran a kai kasuwa ba. A keɓe su, a rubuta sunan ƙauye da irin ƙasar, a sanar da malamin gona. Hakimai da dagatai, da shugabannin coci da na masallaci, da ƙungiyoyin manoma, su ne suka fi kowa sanin gonar wa ta tsira.

Aiki na biyu na cibiyoyin ilimi ne. Reshen Maro, da sashen koyar da aikin gona na Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, da makarantar aikin gona ta Samarun Kataf, duk suna tsakiyar ƙasar citta. Ya kamata a ba su kuɗin da za su kafa gonar ajiyar iri, inda za a tara kowane nau'in Tafin Giwa da Yatsun Biri daga kowace gunduma, da ɗakin rainon tsiro wanda zai riƙa ba manoma iri mai tsabta kowace shekara. Kuma duk irin da za a fitar, na gida ko na waje, kada a auna shi da nauyin buhu da jure wa cuta kaɗai. A auna mansa, da zafinsa, da ƙanshinsa. Na'urar da ke rarrabe sinadaran ƙanshi ɗaya bayan ɗaya, wadda masu wiwi na Kalifoniya suka gano sirrin hajarsu da ita, ita ce dai za ta yi wa citta wannan aiki.

Aiki na uku na kasuwa ne. Muddin dillali zai sayi buhun citta mai kyau da na maras kyau a kan kuɗi ɗaya, babu abin da zai sa manomi ya wahalar da kansa. In aka sa daraja hawa-hawa, aka biya mai mai da ƙanshi fiye da saura, manomi da kansa zai nemi iri nagari, zai bar citta ta ƙosa kafin ya tona, zai daina shanya a bakin kwalta inda ƙura da hayaƙin mota ke ɓata ta, zai kuma tabbatar ta bushe sarai kafin ya ɗura a buhu don kada ta yi fumfuna. Haka nan shawarar malaman gona ta hutar da gonar da cuta ta shiga, a shuka mata hatsi na 'yan shekaru, a kuma gyara magudanar ruwa, za ta fi shiga kunne in manomi ya ga ribarta a aljihunsa.

Akwai kuma maganar samari. Saurayin da gonar ubansa ta ruɓe, ya rasa kuɗin makaranta, ya koma zaman tasha a Kafanchan ko Kaduna, shi ne wanda mai tallan Loud yake jira. Kowace gonar citta da aka farfaɗo da ita, da kowane ɗakin rainon iri ko injin tatsar mai da aka kafa a yankin, aiki ne aka ba hannun da zai iya miƙuwa ga abin da zai hallaka shi.

Mutanen da ke aiki a ɓoye, hukuma na farautarsu, sun iya tattara iri daga ƙasashe uku suka bi shi zuriya bayan zuriya har suka sami ƙanshin da suke so. Ƙasar da ke da cibiyoyin bincike, da jami'o'i, da manoman da suka gaji noman citta kusan shekara ɗari, ba ta da hujjar barin Tafin Giwa da Yatsun Biri a hannun ƙaddara har wata annobar ta sake zuwa. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba da damina mai albarka, ya mayar wa manoman Kagoma da maƙwabtansu abin da suka rasa, amin.